DARASI NA 14: KIRCI, CIWON FATA MAI ƘAIƘAYI

1. Auta Ba Ya Barci

A wani ƙauye akwai wani manomi da matarsa da 'ya'yansu huɗu. Ƙaraminsu ana ce masa Auta. Shekararsa 3.

Da hunturu ya shigo, sai jikin Auta ya bushe, ya yi furu-furu kamar an barbaɗa masa toka. Ya kama susa. Ya sosa wuya, ya sosa lanƙwasar hannu, ya sosa bayan gwiwa. Da dare ba ya barci, uwarsa ma ba ta barci. In gari ya waye sai a ga jini a tabarma.

Maƙwabta suka ce ƙazuwa ce, suka hana 'ya'yansu wasa da shi. Kakarsa ta ce a yi masa wanka da ruwan zafi, a dirje shi da soso da sabulu. Aka yi, abin ya ƙaru.

Ran kasuwa uban ya sayo wani man shafawa a wurin mai tebur. Mai tebur ya ce man nan maganin ciwo uku ne. Aka shafa kwana uku, susa ta tsaya, aka yi murna. Da aka bar shafawa sai ta dawo. Aka yi ta shafawa har wata biyu. Fatar wuyan yaron ta yi haske, ta yi shara-shara, amma ciwon yana nan.

Uban yana zuwa ajin yaƙi da jahilci da yamma. Ran nan malaminsu ya ga yana gyangyaɗi a aji. Ya tambaye shi dalili, ya faɗa masa. Malamin ya ce, "Gobe ku kai shi asibiti. Ku tafi da kwalin man nan da kuka saya."

2. Tambayoyin Malamin Asibiti

Da safe uban da uwar da kakar suka kai Auta asibiti. Malamin asibiti ya tuɓe masa riga, ya duba jikinsa duka. Ya duba tsakanin yatsunsa da cikin gashin kansa. Sa'an nan ya juya wurin uwar.

Ya ce, "Uwargida, yaushe abin nan ya fara?"

Ta ce, "Tun yana goye, Malam. A kumatu ya fara, da goshi. Ya kan tafi, ya kan dawo."

Ya ce, "Akwai wanda ya ke susa a gidanku ban da shi?"

Ta ce, "Babu. Da yayyensa ya ke kwana, ba wanda ya ɗauka."

Ya ce, "A danginku ko dangin maigida akwai mai fuka, ko mai yawan atishawa da ƙaiƙayin ido?"

Uban ya ce, "Ni ina da fuka. In hazo ya sauko numfashina ya kan yi wuya."

Malamin asibiti ya ce, "To, wannan kirci ne, irin wanda a ke gadonsa. Ba ƙazuwa ba ce."

Ku lura, bai ɗebi jinin yaron ba. Yawanci da ido da tambaya a ke gane kirci. Alama ta fari ita ce ƙaiƙayi. In babu ƙaiƙayi, ba kirci ba ne. Bayan ƙaiƙayi a kan nemi uku daga cikin biyar ɗin nan:

(a) Ciwon ya taɓa fitowa a lanƙwasar hannu, ko bayan gwiwa, ko wuya, ko idon sawu.
(b) Yanzu ma ana ganinsa a waɗannan wurare.
(c) Fatar jiki duka ta yi ta bushewa cikin shekarar nan.
(d) Mai ciwon yana da fuka ko yawan atishawa. In ƙaramin yaro ne, a tambayi iyayensa da 'yan'uwansa.
(e) Ciwon ya fara tun yaro bai kai shekara 2 ba.

A jikin jinjiri, kirci ya fi fitowa a kumatu da goshi da bayan hannu da gaban ƙafa. In yaro ya girma sai ya koma lanƙwasa. A jikin Bature ja ya ke yi. A jikinmu ya kan yi baƙi, ko toka-toka, ko ƙananan ƙuraje masu kaushi.

3. Me Ke Kawo Kirci?

Kakar ta ce, "Malam, ko jifa aka yi masa?"

Malamin asibiti ya ce, "A'a, Iya. Kin san katangar ƙasa? In ta tsattsage, iska da ƙura da ƙwari su kan shiga. Fatar jikanki haka ta ke. Fata mai lafiya tana riƙe laima a ciki, tana tsare ƙazanta a waje. Fatar mai kirci ba ta riƙe laima sosai. Sai ta bushe, ta tsage, ƙura da sabulu da gumi su shiga. Jiki ya tashi yin faɗa da su, wurin ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi. Yaro ya sosa, fata ta ƙara tsagewa, ƙaiƙayi ya ƙaru. Haka abin ya ke ta kewayawa."

Wannan magana gaskiya ce. A shekarar 2006 waɗansu masana a birnin Dandi na ƙasar Sikotilan suka gano cewa mutane da yawa masu kirci sun gaji rauni a wani sinadari da ke ƙarfafa bayan fata. Kirci da fuka da yawan atishawa 'yan gida ɗaya ne, su kan bi dangi.

Ciwon nan ba baƙo ba ne. A ƙasashe da yawa, cikin yara 10 a kan sami 1 ko 2 masu shi. Yawancinsu ya kan fara musu kafin su kai shekara 5.

Ba a ɗaukar kirci. Ku ci tuwo tare da mai shi, ku kwana tabarma ɗaya, ba abin da zai same ku. Ba ƙazantar uwa ke kawo shi ba. Kircin shanu kuwa, wanda makiyaya suka sani da damina, wannan ciwo ne dabam. Suna ne ya zo ɗaya.

4. Kada A Rikita Shi Da Waɗansu

Akwai cututtukan fata da su ka yi kama da kirci. Maganinsu dabam ne, saboda haka wajibi ne a bambanta su.

Ƙazuwa: wani ɗan ƙwaro ne ke shiga fata. Ta fi kama tsakanin yatsu da wuyan hannu da ƙugu. Ana ɗaukarta. In ta shiga gida mutane da yawa za su yi susa, kuma dukan gidan a ke yi wa magani lokaci ɗaya.

Makero: ya kan yi zobe, a kai ko a jiki. A kai ya kan cinye gashi. Shi ma ana ɗaukarsa.

Ƙyasbi: tabo ne mai haske ko duhu a ƙirji da baya da wuya. Ya fi kama samari da manya. Ƙaiƙayinsa kaɗan ne.

In kirci ya warke ya kan bar tabo fari ko baƙi. Kada ku tsorata, ya kan koɗe cikin watanni. Amma in kun ga tabo mai haske wanda ba ya ƙaiƙayi, kuma in an taɓa wurin mutum ba ya ji, ku je a duba, gama kuturta haka ta ke farawa. Ita ma tana da magani.

5. Auna Ƙarfin Ciwo

Malamin asibiti ya sake tambaya, ya ce, "Dare nawa cikin mako ya ke tashi da susa?"

Uwar ta ce, "Kusan kullum."

Ya ce, "Yana wasa? Yana cin abinci? Ke kuma kina samun barci?"

Ta girgiza kai.

Dalilin tambayar shi ne, ba faɗin ciwon kaɗai a ke dubawa ba. A kan duba yadda ya hana mutum barci da wasa da aiki. Likitoci sun kasa kirci kashi uku:

Mai sauƙi: fata ta bushe a waɗansu wurare, susa jefi-jefi, barci lafiya.

Matsakaici: fata ta bushe, susa da yawa, akwai sawun farce, barci yana yankewa.

Mai tsanani: ya mamaye jiki, susa ba hutawa, fata ta yi kauri, ta tsage, tana jini ko ruwa, babu barci.

Na Auta matsakaici ne. Ƙarfin magani ya kan bi ƙarfin ciwo. In ciwo ya tashi a ƙara, in ya kwanta a rage.

6. Magani Na Fari: Mai

Malamin asibiti ya ce, "Iya, in katanga ta tsage me a ke yi mata?"

Kakar ta ce, "Yaɓe."

Ya ce, "Madalla. Yaɓen fata shi ne mai. Shi ne babban magani, kuma kullum a ke yinsa, ko ciwo ya tashi ko ya kwanta."

Ga yadda a ke yi:

A nemi mai wanda ba shi da turare. Basilin fari yana da kyau. Man kaɗe mai tsabta shi ma yana taushe fata. Kada a shafa man gyaɗa a fatar jinjiri da ta tsage, gama yana iya sa jikinsa ya ƙi gyaɗa nan gaba.

A shafa jiki duka, ba wurin ciwo kaɗai ba. A shafa sau 2 a rana ko fiye. Da hunturu a ƙara. Kada a yi rowar mai. Yaron da ciwon ya kama masa jiki da yawa ya kan ci giram 250 a mako, ko fiye.

A wanke hannu tukuna. A ɗebi man da cokali mai tsabta, kada a tsoma yatsa cikin kwalba. A shafa a hankali, a bi kwancin gashi, kada a murza.

Wanka kuwa sau ɗaya a rana ya isa, da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Ban da ruwan zafi, ban da soso. Sabulu mai ƙarfi da mai ƙanshi suna kwashe man fata. A yi wankan da sauri, a tsane jiki da ƙyalle mai laushi, a shafa mai nan da nan tun jiki bai bushe ba.

A yanke wa yaro farce. A sa masa rigar auduga marar matsewa. Ulu da leda suna tsokanar fata, in za a sa rigar sanyi a sa ta auduga a ciki. A ɗauraye wanki sosai, kada omo ya saura. A nisanta yaro daga hayaƙin murhu da na taba da turaren wuta.

GARGAƊI: Tufafi da zanen rufa da su ka sha basilin suna kama wuta da sauri. Da hunturu yara su kan so jin ɗumi. Kada a bar mai shafa basilin ya matsa kusa da wuta ko fitila. A riƙa wanke tufafinsa a kai a kai.

7. Magani Na Biyu: Na Likita

In ciwo ya tashi, mai kaɗai ba ya isa. Sai a haɗa da man likita mai kwantar da kumburi. Dangin maganin nan ana ce musu sitiroyid. Mai sauƙinsu shi ne haidirokotizon. Waɗansu likitoci biyu a birnin Niyok na Amurka su ne su ka fara ba da labarin amfaninsa a fata, a shekarar 1952.

Sitiroyid hawa-hawa ne. Akwai mai sauƙi, akwai matsakaici, akwai mai ƙarfi, akwai mai ƙarfi ƙwarai. Fuska da wuya da hammata da matsematsi fatarsu ba ta da kauri, mai sauƙi a ke sa musu, na 'yan kwanaki. Likita ne zai zaɓa.

Malamin asibiti ya matso maganin a kan manunin yatsansa, daga kan yatsa zuwa gaɓa ta fari. Ya ce, "Wannan shi ne mudunmu. Gaɓar yatsa ɗaya ta babban mutum, wajen rabin giram ke nan. Ta isa a shafe wuri mai faɗin tafin hannun babba biyu, har da yatsu. A shafa a wurin ciwo kaɗai, sau 1 ko sau 2 a rana. Tsakaninsa da basilin a bar kamar rabin sa'a. Ku yi kwana 7, ku dawo in gani."

Sa'an nan ya karɓi kwalin man kasuwa, ya karanta. Ya ce, "Malam, ka ga abin da ke ciki? Sitiroyid ne mai ƙarfi ƙwarai, an gauraya shi da waɗansu magunguna. Ba na ƙaramin yaro ba ne. Shi ya sa fatar wuyansa ta yi shara-shara. Irinsa a ke zubawa cikin waɗansu mayukan bilicin. In an daɗe ana shafa shi ya kan sa fata ta yi rauni, ta yi nankarwa, har ya kan shiga jini ya hana yaro girma."

Uwar ta ce, "To, Malam, wannan da ka ba mu fa, ba zai cuce shi ba?"

Ya ce, "In kun bi mudu da kwanakin da na faɗa, ba zai cuce shi ba. Wuta ce, Uwargida. A murhu tana dafa tuwo, a danga tana cin gida. Kada kuma tsoro ya sa ki shafa ɗan kaɗan, ciwon ya ƙi kwanciya."

Uban ya ce, "Mu hana shi nono da ƙwai? An ce su ke tayar da shi."

Ya ce, "Kada ku hana yaro abinci sai likita ya ce, don kada ya rame. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da mama. Amma in yaro ya ci wani abu, nan da nan leɓensa ya kumbura, ko borin jini ya fito, ko numfashi ya yi wuya, a kawo shi maza. Allurar rigakafi kuma a yi masa kamar sauran yara."

Wanda ciwonsa ya ƙi jin waɗannan, a kan tura shi babban asibiti wurin likitan fata. A can akwai waɗansu mayuka da ba sitiroyid ba, akwai na sha. A shekarar 2017 aka fara ba da wata allura mai suna dufilumab a Amurka domin kirci mai tsanani, amma tana da tsada ƙwarai.

8. Alamun Haɗari

Fatar da ta tsage ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. A koma asibiti da sauri in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

(a) Wurin yana fitar da ruwa ko mugunya, ko ya yi ɓawo ruwan zuma.
(b) Wurin ya kumbura, ya yi zafi, yana ciwo.
(c) Zazzaɓi ya kama yaro, ko ya yi laushi, ya ƙi ci.
(d) An yi kwana 7 ana magani, babu sauƙi.

Akwai alama ɗaya da ba a kwana da ita. Ƙananan ƙuraje masu ruwa su fito da yawa wuri ɗaya, girmansu ɗaya, su fashe su bar 'yan ramuka, suna ciwo, suna yaɗuwa da sauri. Wannan a kai asibiti ran nan, ko da dare ne, musamman in kusa da ido ne. Ƙwayar cutar da ke sa ƙurajen leɓe bayan zazzaɓi ita ke kawo shi. Mai irin ƙurajen nan a baki kada ya sumbaci yaro mai kirci.

9. Kirci A Jikin Manya

Yara da yawa su kan sami sauƙi in sun girma. Waɗansu kuwa ya kan bi su har girma, waɗansu ma sai sun girma ya ke fara musu. A jikin babba ya fi kama hannu da wuya da fatar ido da lanƙwasa. Yawan susa ya kan sa wurin ya yi kauri, ya yi baƙi.

Mata masu wanki da wanke-wanke, da magina masu taɓa siminti, da masu rini, su ne hannunsu ya fi wahala. Su sa safar hannu ta roba in za su yi aiki, su cire in sun gama. Su shafa mai bayan kowane wanki, da bayan alwala, da lokacin kwanciya. Baƙin lalle da a ke haɗawa da rinin gashi ya kan ƙona fata, mai kirci ya guje shi. Gumin bazara da damuwar zuciya su ma suna tayar da ciwon.

10. Auta Ya Yi Barci

Bayan kwana 7 suka koma asibiti. Uwar tana murmushi. Ta ce, "Malam, daren jiya har asuba bai motsa ba." Malamin asibiti ya duba, ya ce a tsai da maganin likita a wuraren da su ka yi sumul, amma mai kullum.

Ya ce, "Zai sake tashi wata rana, watakila da hunturu mai zuwa. Ba laifinku ba ne. Har yanzu ba a sami maganin da zai tumɓuke kirci daga jiki ba, amma ana iya kwantar da shi, yaro ya yi wasa, ya yi makaranta, ya girma lafiya."

Kakar da kanta ta zaga gidajen maƙwabta, ta gaya musu ba a ɗaukar ciwon jikanta. Yara suka dawo wasa da shi. Uban kuwa ya bar gyangyaɗi a aji. Yanzu shi ke karanta takardar magani da kansa.

ABIN TUNAWA

Kirci ciwon fata ne mai bushewa da ƙaiƙayi. Gadonsa a ke yi, ba a ɗaukarsa.
Mai kullum, safe da yamma.
Maganin likita da mudu, da kwanaki ƙidayayyu.
Kada a sayi man ciwon fata a wurin mai tebur.
Mugunya, ko zazzaɓi, ko ƙuraje masu ruwa: asibiti maza.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa malamin asibiti ya tambaya ko akwai mai susa a gidan ban da Auta?
2. A ina kirci ya fi fitowa a jikin jinjiri? A jikin babban yaro fa?
3. Faɗi bambanci biyu tsakanin kirci da ƙazuwa.
4. Me ya sa wankan ruwan zafi da soso ya ƙara ciwon?
5. Wane haɗari ke cikin tufafin da su ka sha basilin?
6. Wace alama ce ba a kwana da ita?

LISSAFI

1. Gaɓar yatsa 1 tana shafe faɗin tafi 2. Ciwon wani mutum ya kai faɗin tafi 6. Gaɓa nawa zai matso?
2. Yaro yana cin giram 250 na mai a mako. Giram nawa zai ci a mako 4?

RUBUTU

Ku rubuta wannan sau 3 a littattafanku, ku karanta wa mutanen gida:

Ba a ɗaukar kirci. Mai kullum shi ne yaɓen fata.